Amanar Abin da Muke Turawa Daga Waya Zuwa Waya

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu sauraronmu na Gazara da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Maƙarfi da Gimi da Gubuci, da na Kudan da Hunkuyi, da na Ikara har ya zuwa iyakarmu da ƙasar Kano, barkanmu da war haka.

Bayan haka, mas'alar da za mu tattauna a shirinmu na yau ta shafi kusan kowane gida a wannan yanki namu, domin da wuya a sami gidan da babu waya, kuma da wuya a sami wayar da ba a taɓa zuba mata wani fim, ko waƙa, ko wa'azi, ko manhaja daga wata wayar ba. Tura fayil daga na'ura zuwa na'ura ya zama al'ada gare mu, har ya kai ba mu tsayawa mu tambayi kanmu ko abin da muka karɓa halal ne gare mu, ko yana da lafiya, ko kuwa akwai wani bawan Allah da yaɗa shi zai cutar. Waɗannan tambayoyi uku su ne ginshiƙin maganarmu ta yau, in Allah ya yarda.

Duk wanda ya ci kasuwar Maƙarfi ran Laraba ya san rumfar da nake nufi. Saurayi ne zaune a bayan ɗan teburi, da kwamfuta a gabansa, da janareto yana ruri a gefe, ga igiyoyin caji sun harɗe da juna, ga wayoyi jere an manna wa kowace 'yar takarda mai lamba. Mutum ya sayar da rakensa ko mazarƙwailarsa, sai ya ratso ya miƙa waya, ya ce, "Malam, a zuba mini sababbi, a haɗa da Indiya-Hausa da karatun malam," ya tafi cefane, ya dawo ya biya 'yan kuɗi kaɗan ya karɓa. Da ya isa gida da dare, ƙanensa ya buɗe Xender ya kwashe, maƙwabci ya kwasa daga ƙanen, kafin Laraba ta zagayo abin da aka zuba a waya ɗaya ya shiga wayoyin unguwa guda, ba tare da kowa ya kashe kwabo a kan data ba.

Wannan shi ne nau'in da muka fi sani, watau wanda wayoyi biyu ke haɗuwa kai tsaye ta bulutut ko ta Xender da 'yan'uwanta. Akwai kuma nau'i na biyu wanda ake yi ta intanet, wanda ɗalibai da masu tura fina-finai suka fi sani da sunan toran, kuma ya kamata mu fahimci yadda yake aiki, domin a cikin yadda yake aiki hukuncinsa yake. Ku ƙaddara almajirai ne a zauren malami suna son kowannensu ya mallaki kwafin wani littafi, sai aka warware littafin falle-falle, wanda ya gama kwafe falle ɗaya ya miƙa wa na kusa da shi ya karɓi wanda ba shi da shi, har kowa ya kammala nasa. A cikin wannan zaure babu wanda yake mai karɓa kaɗai, kowa yana karɓa yana bayarwa a lokaci guda. Haka toran yake. Ana yanka fim ƙanana-ƙanana, na'urarka tana tsinto yankunan daga mutane masu yawa a ƙasashe dabam-dabam, alhali kuwa tana miƙa wa waɗansu abin da ta riga ta samu, ko ka sani ko ba ka sani ba. Saboda haka wanda ya ce shi saukewa kawai ya yi, bai rarraba wa kowa ba, bai faɗi haƙiƙanin abin da ya auku ba.

Wannan fasaha ba jiya ta fara ba. A shekarar 1999 wani ɗalibi a Amurka mai suna Shawn Fanning ya fito da Napster, wadda ta ba miliyoyin mutane damar musayar waƙoƙi a tsakaninsu, har kamfanonin waƙa suka kai ƙara, aka rufe ta a 2001 bisa hukuncin kotu. A 2001 ɗin ne kuma Bram Cohen ya ƙirƙiro BitTorrent, wadda har yau ake amfani da ita. A ƙasar Suwidin, a 2009, kotu ta yanke wa mutum huɗu masu alaƙa da shafin Pirate Bay ɗaurin shekara guda kowannensu, da diyya mai yawa. Abin lura a nan shi ne, ba fasahar aka hukunta ba, domin da ita ake rarraba manhajoji na kyauta irin su Linux, da littattafan da masu su suka yi waƙafinsu ga jama'a. Abin da aka hukunta shi ne amfani da ita wajen rarraba dukiyar mutane ba da yardarsu ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To, mu shiga tambaya ta farko, watau ta haƙƙi: abin nan da na karɓa, na wane ne?

Manyanmu za su tuna cewa tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, sana'ar fim ɗin Hausa ta tsayu ne a kan ciniki bayyananne. Mai shiryawa ya zuba jarinsa, ya kai kaset, daga baya faifai, kasuwar Ƙofar Wambai, 'yan kasuwa su sara su kai Zariya da Katsina da Maraɗi, kuɗi su komo a biya 'yan wasa da mai ɗaukar hoto da mai tace sauti da mai dafa wa ma'aikata abinci, abin da ya saura a sake zuba shi a wani fim. Da katin memori ya yawaita, fim ya zama abin da ake kwafewa cikin ƙiftawa da bismilla, sai wannan kasuwa ta durƙushe, masu shirya fina-finai da yawa suka koma yin shiri mai dogon zango suna sawa a YouTube, ko suna sayar wa tashoshi irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014, domin neman hanyar da guminsu zai komo musu. Wanda ya kalli Labarina ko Izzar So a tashar masu su ya taimake su ko da bai ba su sisi ba, domin ana biyansu gwargwadon masu kallo. Wanda kuwa ya kalla daga memorin da aka zuba masa, kuɗinsa sun tsaya a rumfar mai turawa, ba su isa ga wanda ya sha wahalar aikin ba.

Hukuma ba ta yi shiru a kan wannan ba. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin tsohuwar da aka kafa tun 1988, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke da alhakin zartar da ita. Bambancin sabuwar da tsohuwar, ta fuskar da ta shafe mu, shi ne ta ambaci intanet da na'urorin zamani ƙarara, ta mai da sanya aikin wani a inda jama'a za su ɗiba don neman kuɗi, ba da izninsa ba, laifi mai jawo tara mai nauyi, ko ɗauri, ko duka biyun. Ta kuma ba mai haƙƙi damar neman a cire aikinsa daga shafin da aka sa shi ba da yardarsa ba. Sai dai dokar ta bar ƙofa ga amfani na adalci, kamar ɗalibin da ya ɗauki wani yanki don nazarin kansa, ko mai sharhi, ko mai ba da labari, matuƙar abin bai zama hanyar kashe wa mai aikin kasuwa ba.

Haƙƙin kuma yana da wa'adi. Littafi da waƙar da aka tsara suna cikin kariya tsawon rayuwar mai su, da shekara 70 bayan rasuwarsa. Fim da sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 ne daga fitowarsu. Alal misali, Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi aikinsa a nan kusa da mu a Zariya, ya rasu a 1981, saboda haka Magana Jari Ce tana cikin kariya har ƙarshen 2051, ko da kuwa ana ta yawo da hotunan shafukanta a waya. Amma talifan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, da na Malam Abdullahi da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sun zama gadon al'umma, kowa na iya kwafe nassinsu ya yaɗa, illa dai wanda ya yi wa ɗayansu sabuwar tarjama ko sharhi yana da haƙƙi a kan wahalar da ya ƙara.

La'alla wani ya ce wannan dokar Turawa ce, mu kuwa a wurinmu ilmi ba a ɓoye shi. Amsa ita ce, malaman Musulunci na wannan zamani sun zauna a kan mas'alar. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin talifi da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kiyaye, masu su suna da ikon tasarrufi a cikinsu, kuma bai halatta a yi musu ta'addi ba. Tun kafin wannan ma, magabatanmu ba su kasance suna ɗaukar littafi daga duk inda suka tsince shi ba. Sukan nemi ijaza, su kiyaye isnadi, mai kwafe littafi ya rubuta sunan mawallafi ya roƙa masa rahama, domin sun san cewa jingina aiki ga mai shi amana ce, kuma sanin hannun da abu ya fito shi ne farkon sanin ingancinsa.

Wani kuma yakan kafa hujja da cewa, ai na kwafa ne kawai, nasa yana nan bai ragu ba. Gaskiya ne fayil ɗin bai ragu ba, amma abin da mai fim ya zuba wa jari ba fayil ba ne, ciniki ne, kuma cinikin ya ragu da mutum ɗaya a duk lokacin da aka tura. Wanda ya ci bashi ya yi aiki, ya wayi gari aikin yana hannun kowa, bashin kuwa yana wuyansa shi kaɗai, an cuce shi, ko da babu wanda ya fasa masa shago.

Abin da ya halatta a tura yana da yawa, alhamdu lillahi: abin da kai ka ɗauka ko ka rubuta, da karatun malamin da ya yi izni a yaɗa, da sanarwar hukuma kan rigakafi ko taki ko zaɓe, da darussan da malaman gona suka fitar don manoma, da duk abin da mai shi ya bayyana cewa kyauta ne. Inda kuwa ka yi shakka, barin shubuha ya fi zama lafiya ga addini da mutunci.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, ga tambaya ta biyu, ta lafiyar waya da dukiya: abin nan daga ina ya fito?

A da, in waya ta kamu da cuta, iyakar hasara a kai ta wurin mai gyara ya wanke ta. Yau kuwa wayar manomi ita ce bankinsa, a cikinta kuɗin rake ke shigowa, lambarta ce aka haɗa da BVN da NIN, kuma ta cikinta banki ke aiko da lambar sirri ta tabbatar da ciniki. 'Yan damfara sun san haka, shi ya sa suke ɓoye mugunyar manhaja a cikin abin da mutane ke kwaɗayi, kamar sabon fim, ko wasan yara, ko manhajar kuɗi da aka ce an fasa ta ta zama kyauta. Da zarar an girka ta, sai ta nemi iznin karanta saƙonni da ganin lambobin mutane, mai waya kuwa, saboda ɗokin abin da yake jira, ya yi ta danna amincewa bai karanta ba, alhali da hannunsa yake miƙa mabuɗin asusunsa.

Ga alama guda da kowa zai iya riƙewa, ko bai yi boko mai zurfi ba. Fim ko waƙa, in ka taɓa su, buɗewa suke yi su fara. Ba su cewa a girka su, ba su neman izni. Duk abin da aka ba ka da sunan fim, ka ga ƙarshen sunansa APK ne a waya, ko EXE a kwamfuta, to manhaja ce aka yi wa rigar fim, ka goge ta nan take. Manhaja kuwa, ka ɗauko ta daga Play Store da kanka, ka bar Play Protect a kunne, ka kuma riƙa sabunta wayarka in ta nema, domin galibin sabuntawar toshe ƙofofin da aka gano ne. Hatta manhajojin turawar kansu ba su kuɓuta daga aibi ba, domin a 2021 masu bincike na kamfanin Trend Micro sun bayyana raunin da suka gano a SHAREit wanda mai kutse zai iya bi ta cikinsa. Haka nan jabun WhatsApp da samari ke tura wa juna saboda ƙarin ado, kamfanin ya yi gargaɗi cewa yana iya rufe lambar mai amfani da su, kuma babu mai lamunce maka inda saƙonninka ke biyawa.

Game da rumfar mai turawa, shawarata ita ce mutum ya keɓe memori guda don wannan buƙata, ya cire shi ya miƙa, wayar kuwa ta zauna a aljihunsa. In babu makawa sai an ba da wayar, to ya tsaya a yi a gabansa, kada ya faɗi lambar buɗe ta ya tafi cefane, kuma ya sa wa layinsa lambar sirri, domin wanda ya zare layi na ɗan lokaci yana iya yin ɓarnar da shekara ba ta gyara ba. Ba ina tuhumar masu wannan sana'a ba ne, akasarinsu 'ya'yanmu ne masu neman na kansu. Amma rumfa wuri ne na shige da fice, kuma kwamfutar da memori ɗari suka shiga a wuni guda tana iya ɗaukar cuta daga ɗaya ta raba wa saura, mai ita bai sani ba.

Masu amfani da toran kuma su sani cewa ba a ɓoye suke ba, domin adireshin intanet na kowane mai saukewa a bayyane yake ga duk waɗanda ke cikin wannan musaya. A Jamus, lauyoyin masu haƙƙi suna bin wannan adireshi su aika wa mutum takardar neman diyya har gida, saboda haka 'ya'yanmu da ke fita karatu waje su yi hattara.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Tambaya ta uku ita ce mafi nauyi a wurina, watau ta mutunci: in na tura wannan, wa zai cutu?

Da yawa daga cikinmu ba su manta da abin da ya faru a Kano a 2007 ba, lokacin da wani hoton bidiyo na sirri na wata 'yar fim da aka ɗauka da waya ya fita daga hannun masu shi, ya bi bulutut daga waya zuwa waya har ya game Arewa, abin da ya jawo aka dakatar da ɗaukar fim a jihar na tsawon watanni, dubban mutane suka rasa abin yi. A lokacin nan babu WhatsApp, babu TikTok. Hannuwan mutane ne kawai, kowa yana cewa shi mutum ɗaya ya tura wa. Allah Maɗaukakin Sarki ya yi gargaɗi mai tsanani a Suratun Nur ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai, ya kuma hana bin diddigin asirin mutane da cin namansu a Suratul Hujurat, kuma ban san wata fassara da za ta fitar da mai danna tura daga ƙarƙashin wannan gargaɗi ba. Ta fuskar hukuma ma, Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta sa hukunci mai tsanani a kan hotunan batsa na ƙananan yara, har ajiye su kawai a waya laifi ne, balle rarraba su.

Saboda haka in irin wannan abu ya iso wayarka, kai ne za ka zama inda ya tsaya: ka goge, ka yi wa wanda ya aiko nasiha a asirce, in kuwa yaro ne aka zalunta a ciki, a sanar da hukuma. Ku kuma sani, iyayena mata da ƙannena, cewa abin da aka goge daga memori sau da yawa ana iya dawo da shi da manhaja, don haka kada a sayar da tsohon memori ko a ba da aronsa in ya taɓa ɗaukar hotunan iyali, kuma abin da mutum ba zai so a gani a dandali ba, mafi aminci kada a ɗauke shi tun farko.

Ku kuma samarinmu masu rumfunan turawa, sana'arku tana da amfani, domin ku ne kuke kai karatu da labari inda data ta yi tsada, inda sabis ba ya kaiwa. Ku tsarkake ta. Ku haɗa kai ku nemi masu fina-finai ku yi yarjejeniya da su a rubuce, a san abin da za ku riƙa biya. Ku sa wa kwamfutocinku maganin cuta kuna sabunta shi. Kada ku buɗe hotunan wanda ya ba ku amanar wayarsa. Kuma in yaro ya zo neman abin da bai dace da shekarunsa ba, ku mai da shi kamar ƙanenku ne. Iyaye kuma su riƙa zama da 'ya'yansu suna duba abin da ke cikin waya tare, da lallashi da bayani, domin yaron da aka fahimtar ya fi wanda aka ƙwace wa waya kiyayewa.

Jama'a, lokaci ya yi mana halinsa. Abin da muke roƙo ku riƙe shi ne, a wannan hanya ta musaya kowane mai karɓa mai bayarwa ne, kuma kowane mai bayarwa abin tambaya ne a kan abin da ya bayar, a gaban hukuma da kuma gaban Mahalicci. Kafin ka karɓa, ka san mai shi ka san mafitarsa. Kafin ka tura, ka tabbata babu wanda zai yi kuka saboda kai. Mai tambaya ko ƙarin bayani yana iya aiko mana da saƙo, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya ciyar da mu halal, ya raba mu da haƙƙin mutane.

(Kiɗan rufe shiri)